Wa Ya Ba Shi Aska?

Malam Habibu bai gama amsa sallamarmu a filin jirgin Alƙahira ba ya miƙo hannu ya ce mu kawo fasfo. Wai za a kai wani ofis a buga musu hatimi, haka dokar Masar take. Na dube shi sama da ƙasa: jallabiya fara ƙal, turare kamar ya yi wanka da shi, waya biyu a hannu ɗaya. Bahaushe ne da ya zo karatu shekarun baya ya ƙi komawa, ya zama mai yi wa marasa lafiya jagora zuwa asibitoci. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambarsa. Na miƙa masa fasfon, amma hankalina bai kwanta ba.

Maman Dauda ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malama, mutumin nan ya cika murmushi."

Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, haifaffiyar Argungu, 'yar gidan wanzamai. Abin da ya kai ni Masar, yau ina iya faɗinsa ba tare da na sunkuyar da kai ba: nono ne. Tun ina budurwa Allah ya yi mini su da yawa, da na haifi yara biyu kuma abin ya wuce misali. Igiyar rigar mama ta yi mini rami a kafaɗu. Da bazara ƙarƙashinsu ya saɓe ya yi ta ruwa. In na ɗaga hannu ina rubutu a allo sai yatsuna su mutu. Daga baya ruku'u ya gagare ni, na koma salla a zaune kamar tsohuwa, alhali ban kai arba'in ba. Mata kuwa in mun haɗu wurin biki sai su ce, "Ke dai kin more, wasu da kuɗi suke nema." Na kan yi dariya, raina kuwa kamar in kai wa mutum mari.

Likitan da ya duba ni a Birnin Kebbi ya ce maganin ɗaya ne, a rage su, kuma akwai masu yin aikin a Sakkwato. Na ce Allah ya kiyaye. A Sakkwato kafin in farfaɗo daga allurar barci labari ya isa kasuwar Argungu. Sai na zaɓi nesa, inda ba wanda ya san ni, na ce wa kowa ciwon baya zan je a duba. Mutum biyu kaɗai suka san gaskiya. Ɗaya mijina, wanda ya tsaya da yara da gonarsa ta shinkafa a Zauro. Ɗaya Maman Dauda, maƙwabciyata a Gesse, 'yar Filato, Kirista, tela. Ita ta daɗe tana ɗinka mini rigar mama mai faɗin igiya, don ta kasuwa ba ta shiga ta. Da na ce ta raka ni, rufe shago kawai ta yi.

Zangonmu na farko wani dogon bene ne mai duhun matakala, inda Habibu yake sauke baƙinsa. Kusan duk 'yan gida ne: mai ciwon ƙoda, mai ciwon ido, wani dattijo da aka yi wa aikin gwiwa. Kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, falo ɗaya. A ƙarshen baranda akwai wani ɗaki da ban taɓa ganin ƙofarsa a buɗe ba, amma duk lokacin da na wuce sai wani wari ya bugi hancina. Na san warin nan. Tun ina yarinya nake jin sa a zauren Babanmu, in an kawo masa yaron da wani wanzamin da bai ƙware ba ya yi wa kaciya ta lalace. Warin miki ne da ya ƙi warkewa. Na tambayi Habibu wa ke ciki. Ya ce wata Hajiya ce mai ciwon suga, ba ta son mutane, kada mu dame ta.

Garin nan bai karɓe ni ba, ni ma ban karɓe shi ba. Burodi da wake da safe, burodi da wake da rana. Mai tasi ya zaga da kai unguwa ɗaya sau biyu yana rantsuwa da Allah. Ranar da muka ratsa gada na leƙa kogin nasu da ake ta yabo. Babba ne, ba musu, amma ban ga masunci mai gora da homa ko ɗaya ba, sai jiragen 'yan yawon buɗe ido. Kawai na ji ƙwalla ta cika mini ido, ina tuna bakin gulbinmu da mata masu ƙyafe kifi.

Asibitin da Habibu ya kai mu a saman wani shagon takalma yake. Ana buɗe lifta sai sanyi da ƙamshi, kujeru masu laushi, wata yarinya ta kawo mana lemo. Dakta Sharif kyakkyawan mutum ne, agogonsa kaɗai abin kallo. Bangon bayansa kuwa cike da takardun shaida a cikin gilashi, da hotunansa yana gaisawa da Turawa. Ya dube ni ɗan kaɗan ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Na ce tabo fa? Ya ce ba za a gani ba. Na ce in na sake haihuwa zan shayar? Ya ce ƙwarai kuwa. Na ce yaushe zan tafi gida? Ya ce kafin in gaji da garin. Duk abin da na tambaya amsarsa mai daɗi ce. Aka sa jibi, muka ba da kafin alƙalami.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Wanda ya shekara goma yana ɗauke da kaya, in aka ce jibi za a sauke masa, ba ya son jin wata magana. Amma muna fitowa Maman Dauda ta ce, "Malama, ko riga zan ɗinka miki sai na sa tef na auna ki. Shi ko tef bai ɗauko ba."

Na ce mata ta cika tsegumi. Da la'asar na kira Baba in gaishe shi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Inna yake kira na.

"Inna, kun isa lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Mun ga likita, jibi za a yi aikin."

"Aiki da wuƙa?"

"Awo, Baba."

Sai ya ce, "Wa ab ba shi aska?"

A gidanmu ba a zama wanzami don an sayi aska a kasuwa. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar zabira, jakar kayan aikin maigidansa, yana wasa aska, yana riƙe kan wanda ake yi wa aiki, yana wanke jini. Ranar da maigida ya gamsu, sai ya tara mutane ya ɗauki aska ya sa masa a hannu. Daga ranar nan in aikin yaron ya ɓaci, ƙofar maigidan ake zuwa. Shi ya sa tsofaffin Argungu da Gulma da Augie ba sa miƙa ɗansu ga baƙon wanzami sai sun yi wannan tambaya.

Na ce, "Baba, nan ba Argungu ta ba. Takardu garai cike da bango."

"Ni ban ce ba shi da takarda ba. Tambaye shi wa ya tsaya bayanai ranar da yaf fara yanka mutum. In shina da maigida, da murna za shi hwaɗi miki sunanai."

Baba bai tambaye ni wane irin aiki ne ba, ni ma ban faɗa ba. Tsakanin uba da ɗiya akwai abin da ba a ambata.

Washegari na ce wa Habibu ina son komawa in yi tambaya ɗaya. Da ya ji tambayar ya ce shi ba zai fassara wannan ƙauyancin ba. Na ce ya huta, shekarata goma sha biyar ina koyar da Turanci. Na zauna gaban Dakta Sharif na ce ina son sanin wanda ya koya masa wannan aikin. Ya yi dariya ya nuna bango. Na ce na ga bango, sunan mutum nake nema, da shekarun da ya yi a ƙarƙashinsa. Ya ce ya je taro a ƙasashe da yawa, ya lissafa su. Na ce taro daban, koyon aiki daban. Nan murmushin ya ɗauke. Ya juya ga Habibu ya yi Larabci da sauri, muryarsa a sama. A lifta Habibu ya rufe ni da faɗa, wai na kunyata shi gaban babban mutum, in ba na so akwai masu jiran layi.

Duk da haka ban yanke shawara ba. Bayana na ciwo, zuciyata na ce mini wataƙila haka manyan likitoci suke, ba sa son raini. Tuwo ne ya raba gardamar. Mun zo da shinkafar gida da busasshen kifi, ranar Maman Dauda ta tuƙa tuwo ta yi miyar kuka ta zuba daddawa ba tausayi. Ƙamshi ya cika benen. Muna cikin ci sai muka ji ƙofar ƙarshen baranda ta buɗe. Wata mata ta fito tana bin bango, ta rame, ta yafa zane biyu a wannan zafi. Ta ce, "Don Allah 'yan'uwa, ku sam mini loma ɗaya."

Hajiya Larai sunanta, daga Zariya. Ta ci tuwon tana hawaye. Da ta gama ta dubi ƙirjina ta ce, "Gobe ne naki ko?" Ban amsa ba ta ja ni ɗakinta ta kwance zanen. Na girma ina ganin jini da miki, amma sai da na dafa gado. Ɗinkin ya buɗe daga ƙasa, kan nono ɗaya ya yi baƙi ya mutu. Aikin Dakta Sharif ne. Ta ce daga baya ta ji ashe likitan fata ne, ya je 'yan gajerun kwasa-kwasai ya dawo ya buɗe ɗakin tiyata a saman shago. Habibu ya mayar da ita ɗakin ƙarshe ya ce ta yi shiru, in ta yi magana likita zai daina wanke mata ciwon. Wata maƙwabciya 'yar Sudan ce ta ji tausayinta ta kai ta asibitin koyarwa a ɓoye, inda wata likita take ta ƙoƙarin gyara abin da zai gyaru.

Na ce, "Hajiya, kin gaya wa mutanen gida?"

Ta girgiza kai. "In ce musu me? Ciwon baya na ce zan zo a duba."

Maganar nan ta fi mikin girgiza ni. Ashe ba ni kaɗai ba ce mai wayon. Ashe jarin Habibu ke nan: mata irinmu da muke zuwa a ɓoye, waɗanda ko an yanka mu ba daidai ba za mu ja mayafi mu koma gida mu ce baya ya yi sauƙi. Kunyarmu yake ci, kuma ya ƙoshi har ya yi tumbi.

Da safe ya zo ɗaukata. Falon cike yake da maza ana shan shayi. Na ce na fasa, ya ba mu fasfonmu. Ya ce suna ofis. Ya rage murya yana murmushin nan nasa, ya ce, "Malama, kada mu yi hayaniya gaban mutane, har a ji abin da ya kawo ki." Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba.

"A ji mana! Jama'a, ni Balkisu, nono niz zaka a rage min, sun yi min yawa sun karya min baya. Ba sata nit taho yi ba. Wanga mutum shi ak kai Hajiya Larai inda anka lalata ta, ga ta can ya ɓoye ta cikin ɗaki. Ni kuma ya riƙe min fasfo!"

Wani ya sunkuyar da kai, wani ya ƙware da shayi. Dattijon nan mai gwiwa ya sa sandarsa ya tare ƙofa ya ce, "Yaro, ba ta kayanta." Maman Dauda ta riga ta naɗe hannun jallabiyarsa a hannunta. Fasfon da aka ce suna ofis daga aljihunsa suka fito. Kafin alƙalami kuwa ya tafi ke nan, ban ma bi ta kansa ba. Na ji kamar an fara rage mini nauyin tun ba a taɓa ni da wuƙa ba.

'Yar Sudan ɗin nan, Allah ya saka mata, ita ta samo mana ɗaki kusa da nata, mu uku har da Hajiya Larai, ita kuma ta kai ni asibitin koyarwa. Ba lemo a can, ba kujera mai laushi. Benci ne da cunkoso da kyanwoyi suna yawo a tsakar gida. Likitar da aka kai ni wurinta, Dakta Manal, gajera ce, idanunta duk gajiya, bangon ofishinta ba komai sai kalanda. Ina ganin ta na ce a raina daga wannan hannun na faɗa wancan. A lokacin ko uwata ce ta zo da farar riga sai na tuhume ta.

Ta sa na cire riga, ta ɗauko tef ta auna ni ta ko'ina, ta sa alƙalami ta zana layuka a jikina. Maman Dauda ta taɓa ni da ƙafa. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce jinina ya yi ƙasa, ba za ta taɓa ni ba sai ya hau, ko da zai ɗauki makonni. Ta ce tabo zai zauna har abada, zagaye da kan nono, ya sauko ƙasa, ya bi ƙarƙashi. Ta ce mai yiwuwa in daina jin taɓi a kan nonon, mai yiwuwa kuma in na haihu ruwan ya ƙi isar jariri. Ba magana ɗaya mai daɗi. Raina ya ɓaci, na ce bari in jefa mata tambayar Baba in ga yadda ita ma za ta yi tsalle.

Ta ajiye alƙalami. Karo na farko na ga haƙoranta. Ta ce Farfesa Abdul'aziz. Ta ce bayan ta zama likita ta yi shekaru tana koyon tiyata gaba ɗaya, sannan ta shiga sashensa na gyaran jiki, inda ta yi wasu shekarun a ɗakin waɗanda wuta ta ƙona, tana wanki tana ɗinki yana warware mata ɗinkin in bai yi masa ba. Ranar da ya bar ta ta yanka nono da kanta, yana tsaye a bayanta, hannunsa a kan wuyan hannunta. Sai bayan nan ta zauna jarrabawar ƙwararru. Ta ce ya yi ritaya, amma yana zuwa duk mako don ya yi musu faɗa. "Kina son ganin sa?"

Wata za ta ce, "A'a, na yarda da ke." Ni na ce ina so. Ranar da ya zo aka kai ni. Tsoho ne tukuf mai sanda, hannunsa na karkarwa, ya kai sa'an Baba ko ya fi. Dakta Manal ta gaya masa abin da na tambaya, ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni na koya mata. In ta ɓata miki aiki, wurina za ki zo."

Nan na fashe da kuka a gaban ɗalibansa, don wannan maganar a zauren gidanmu na saba jin ta.

Jiran ya yi tsawo. Na sha ƙwayar ƙarin jini har na tsane ta, na ci hanta har ba na son ganin ta. Yara suna kira suna tambayar yaushe zan dawo, ni ina haɗiye kuka ina ce musu kwanan nan. Da jinin ya hau aka yi aikin. Abin da na fara ji da na farka ba zafi ba ne, numfashi ne, ya shiga har ƙasa ba abin da ya danne shi. Zafin ya zo daga baya, da robobin da ke tsotse ruwa a gefena, da kwanan rigingine. Maman Dauda ce ta yi mini komai, har abin da ba na son tunawa. Kan nonon hagu bai dawo da ji ba har yau, kamar yadda aka gaya mini. Hajiya Larai ta riga mu tafiya, mikinta ya rufe, amma abin da ya mutu ya mutu.

Da na dawo na huta, na tafi Argungu. Na tarar da Baba a zaure yana jiƙa fatar zabirarsa da mai, ko da yake ya daɗe da barin aiki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Inna, miƙe tsaye in gani." Na miƙe, kafaɗuna a buɗe. Bai dubi ko'ina ba sai fuskata.

"Kina ruku'u yanzu?"

"Ina yi, Baba. Har sujada."

"To, wa ab ba shi askar?"

Na ce mace ce, na faɗi sunanta, na faɗi sunan maigidanta, na ba shi labarin hannun da ya riƙe wuyan hannunta. Ya yi ta gyaɗa kai. Sai ya ce a al'adarmu in aiki ya warke ba yaron ake fara yi wa godiya ba, maigidan ake zuwa a gaisar. Na ce Baba, Masar fa ba Gulma ba ce. Ya ce ai ya ga jikokinsa suna magana cikin waya ana aika ta. Na ce zan aika wa Dakta Manal, ita ta kai masa, ni in rubuta fassara a ƙasa.

Ya ce in dakata. Ya shiga ciki ya sako babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya dawo ya gyara zama a kan buzu. Na ce ba hoto ba ne, murya ce kawai, ba wanda zai gan shi. Ya harare ni, na danna.

Ya yi gyaran murya ya yi sallama. Ya faɗi sunansa da na wanda ya ba shi aska. Sannan ya ce, "Malam, ɗiyar da kab ba aska ta yi ma ɗiyata aiki, kuma ya warke. Ban ga ɗinkin ba, ba ni kuwa ganinai, amma na ga ɗiyata tsaye. Allah shi yi ma hannunka albarka."